Sifaniyanci da Italiyanci a Digiri Guda: Me Ɗan Magarya da Dungas Zai Samu?

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, gidajen da suka dace da ɗan da ya ci a Magarya, Bande, Wacha, Dungas ko Malawa sukan shiga sabuwar shawara: wane fanni zai karanta? Amsoshin sanannu ne. Likitanci in maki ya kai, shari'a, aikin gona, koyarwa, ko kuma Ingilishi tunda Najeriya tana bakin ƙofa. Da wuya a ambaci Sifaniyanci, balle Italiyanci, balle kuma a ce za a haɗa su a digiri guda. Yaron da ya furta haka a gaban mahaifinsa, abin da zai fara ji shi ne: "To, in ka gama wa zai ɗauke ka aiki?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma bai kamata a amsa ta da gaggawa ba.

Magarya da Dungas gunduma ɗaya ce har zuwa 2011 da aka raba su, kuma a ƙidayar 2012 mutanen su biyun sun haura dubu 900. Ƙasa ce ta gero da wake da gyaɗa da riɗi, ga rake a fadamun Korama. Ranar Alhamis dabbobi suna gangarawa kasuwar Maigatari, naira da sefa suna yawo a aljihu ɗaya. Yaron da ya tashi a nan ya sha Hausa a nono, wataƙila yana jin Fulatanci ko Barbarci, ya taɓa Larabci a makarantar allo, ya yi shekara 13 yana fama da Faransanci a lakwal, ya ɗora Ingilishi tun daga kwaleji. Kafin ya taka jami'a ya riga ya saba da zama tsakanin harsuna. Wannan jari ne babba, ko da yake ba kasafai muke lissafa shi cikin dukiya ba.

Shi digirin da ake magana, a tsarin da jami'o'in Nijar da na sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci suke bi, lisans ne na shekara 3, zango 6. Hanyoyinsa biyu ne, kuma wanda bai bambance su tun farko ba zai iya ɓata shekarunsa. Ta farko hanyar adabi da tarihi ce: nahawu mai zurfi, littattafan Cervantes da Dante, tarihin Sifaniya da Latin Amurka da Italiya. Ƙarshenta aji ne ko bincike. Ta biyu hanyar harsuna don aiki ce, inda ake haɗa harsunan da darussan kasuwanci, dokar ciniki, tattalin arziki da fassara. Ƙarshenta kamfani ne, ko ofishin shige da fice na kaya, ko aikin tafinta. A hanyoyin duka biyu ana auna ɗalibi da ma'aunin Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, kuma takardun da duniya ta sani su ne DELE ta Cibiyar Cervantes a ɓangaren Sifaniyanci, da CILS ta Siena ko CELI ta Perugia a ɓangaren Italiyanci. Mai lisans da ba zai iya cin B2 a waɗannan jarrabawa ba, takardarsa ba ta da nauyi a wurin masu harshen.

Dalilin da ya sa jami'o'i suke haɗa su a sashe ɗaya shi ne uwarsu ɗaya. Sifaniyanci da Italiyanci da Faransanci duk daga Latin suka fito. Ƙiyasin da masana suka fi ambata ya nuna kalmomin Sifaniyanci da Italiyanci suna kama da juna da kashi 82 cikin ɗari, na Faransanci da Italiyanci kuwa kashi 89. Ɗan Nijar da ya riƙe Faransancinsa da kyau zai ɗauki jaridar Rum ko ta Madrid bayan ƴan watanni ya gane inda labari ya dosa. Jinsin suna, sarrafa fi'ili, yadda ake gina jimla, duk ya san ƙashin bayansu. Italiyanci ma ya fi kusa da abin da ya saba, don yana gina shuɗaɗɗen lokaci da fi'ilai biyu masu taimako kamar yadda Faransanci yake yi.

Akwai kuma wata falala da ta keɓanta ga Bahaushe, wadda malaman Turai ba su cika lura da ita ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, su ne dai a, e, i, o, u da muke rubutawa. Harafin r mai kaɗa harshe, wanda yake wahalar da Bafaranshe da Bature ɗan Ingila shekara da shekaru, yana bakinmu tun muna yara. Italiyanci yana bambance ma'ana da nanata baƙi, abin da Hausa take yi kullum, kuma shi ne babban tuntuɓen yawancin masu koyonsa. Wanda ya fito daga makarantar Faransanci da Larabci zai tarar da ƙarin sauƙi, domin zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492 ya bar wa Sifaniyanci kalmomin Larabci da ake ƙiyasta sun kai dubu huɗu.

Amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma a nan maganar tana da gaskiya a shekarar farko. Kamannin da ya sauƙaƙa karatu shi ne yake dagula magana da rubutu. Ɗalibi zai fara jimla da Sifaniyanci ya ƙarasa ta da ƙarshen fi'ilin Italiyanci bai ma sani ba. Kalmar burro jaki ce a Sifaniya, man shanu ce a Italiya, kuma irinta suna da yawa. Sifaniyanci yana raba "kasancewa" gida biyu, ta ɗabi'a da ta halin da ake ciki, rabon da ya fi na Italiyanci tsanani. Wanda ya fara su rana ɗaya daga sifili yakan fito da wani cakuɗaɗɗen harshe da kowane ɓangare zai gane amma babu wanda zai biya kuɗi a kansa. Shi ya sa nake ganin haɗin yana da amfani ne kawai idan an ba ɗaya rata. A kafa ɗaya har ya zauna, ɗalibi ya iya tunani da shi, sannan a ɗora na biyu.

Wanda ya kamata ya riga kuwa ba abin jayayya ba ne. Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutum kusan miliyan 500, harshen hukuma a ƙasashe 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin harsunan Tarayyar Afirka. A makarantun sakandare na ƙasashen da Faransa ta raina ya samu gurbi a matsayin harshen waje na biyu bayan Ingilishi, har Kwaddibuwa da Binin da Senegal da Kamaru suka tara dubban ɗaruruwan masu koyonsa. Ganin haka Cibiyar Cervantes ta buɗe reshenta na farko a Afirka kudu da Sahara a Dakar cikin Disamban 2021. Kyuba ma ta daɗe tana horar da likitocin Afirka da wannan harshe. Italiyanci kuwa masu shi ba su wuce miliyan 60 da ɗoriya ba, kuma kusan duk a Italiya suke da wani yanki na Suwizalan. In yawan mutane ne ma'auni, ko kusa ba a haɗa su.

Sai dai abin da ya shafe mu ba yawan mutane kaɗai ba ne. A duba inda kayanmu suke zuwa. Fatar jar akuya, wadda ake kira ta Maraɗi a nan, ta Sakkwato a Najeriya, tana cikin fatun da masu ɗinkin takalma da jaka na Turai suka fi daraja tun zamanin da ayari yake kai ta arewacin Afirka. A yau fatun da ake tarawa a kasuwannin kudancin Nijar da yawa suna tsallakawa Kano, a jeme su a masana'antun Challawa da Sharaɗa, kuma manyan masu sayen fatar da Najeriya take fitarwa su ne Italiya da Sifaniya. Ga aya. Jihar Maraɗi, maƙwabciyarmu, ita ce cibiyar nomanta a Nijar, kuma mutanen Balensiya a Sifaniya suna yin wani abin sha da ita mai kama da kunun ayarmu, har abin da suke nomawa ba ya isarsu sai sun sayo daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Tsakanin manomin aya ko mai fata da kamfanin da yake saye a Turai akwai dillalai hawa-hawa. Kowane hawa yana cin nasa, kuma mai jin harshen mai saye shi ne yake sanin ainihin farashi, da sharuɗɗan inganci, da dalilin da ya sa aka mayar da kaya. Riɗin Dungas da Magarya ma wannan hanyar ta dillalai yake bi kafin ya kai teku. Ƙasashe biyun da suka fi sayen fatarmu, ɗayansu kuma yana sayen ayarmu, su ne dai masu harsunan nan biyu. A wurina wannan shi ne hujja mafi ƙarfi ta haɗa su.

Hujja ta biyu ta tarihi ce, kuma ita ta fi taɓa ni. An haifi Alhasan al-Wazzan a Garnada ta Andalus wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya tashi a Fas. A 1518 ƴan fashin teku suka kama shi suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10 a Rum, inda aka sa masa sunan da Turawa suka san shi da shi, Leo Africanus. A can ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka da Italiyanci, ya kammala a 1526, Ramusio ya buga shi a Benis a 1550. A cikinsa akwai Agadas, Gobir, Kano, Katsina, Zazzau da Zamfara. Fiye da shekara 200 abin da Turai ta sani game da ƙasar Hausa kusan daga wannan littafi yake. Har yau masana suna jayayya ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji, suna kuma jayayya kan maganarsa cewa Askiya na Songhai ya ci Kano da Katsina da Zazzau da yaƙi. Abin lura shi ne a 1931 an gano rubutun hannu na littafin a Rum, aka ga Ramusio ya yi masa gyare-gyare da yawa. Fassarorin da suka fi yawo a hannun ɗalibanmu, na Faransanci da na Ingilishi, galibi daga bugun Ramusio suka samo asali. Ke nan ɗalibin tarihi a Damagaram yana karanta labarin kakanninsa ne bayan ya ratsa hannu biyu ko uku.

Ba shi kaɗai ba ne. Giovanni Lorenzo d'Anania, shi ma da Italiyanci, ya buga littafin bayanin duniya a shekarun 1570 inda ya jera Kano da Fas da Alƙahira a matsayin manyan biranen ciniki na Afirka. A 1711 wasu limaman Kirista biyu da suka taso daga Tarabulus ta Agadas suka rasu a Katsina, kuma rahotannin tafiyar tasu a taskokin Rum suke. Italiya ta mulki Libiya daga 1911 zuwa 1943, a daidai lokacin da tsohuwar hanyar ayari ta Tarabulus, Gadamus, Gat, Agadas, Damagaram da Kano take mutuwa, kuma jami'anta sun bar takardu a kan fatake da ƴan Sanusiyya da wannan yanki ya yi hulɗa da su. Ta ɓangaren Sifaniya kuwa, Abu Ishaƙ al-Sahili da ya biyo Mansa Musa daga hajjin 1324 ɗan Garnada ne, Judar Pasha da ya karya daular Songhai a Tondibi a 1591 shi ma haifaffen Sifaniya ne. Su kuma can ba su yi sakaci da namu ba. Jami'ar L'Orientale ta Napoli, wadda asalinta ya koma 1732, tana koyar da Hausa, kuma malaminta Sergio Baldi ya wallafa ƙamusun Hausa da Italiyanci. Ɗan Italiya yana iya zama a Napoli ya karanci Hausa har digiri. Ya kamata a ce a Damagaram ma akwai wanda zai buɗe takardunsu ya karanta da idonsa.

Ta fuskar hulɗar yau ma ƙasashen biyu suna nan. An ƙaddamar da ofishin jakadancin Italiya a Yamai a Janairun 2018, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da sojojin Faransa suka fice a Disamban shekarar, na Amurka suka bi su a 2024, na Italiya sun ci gaba da zama. Sifaniya tana da ofishin jakadanci da ofishin hukumarta ta raya ƙasashe, AECID. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, a watan da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ƙasar da ta ƙudurta yin hulɗa da duniya ba ta hannun Faransa ba tana bukatar ƴaƴanta masu jin harsunan waɗanda za ta zauna da su.

Yanzu a koma ga tambayar mahaifin nan, don har yanzu ba a amsa ta duka ba. Gaskiya guraben aiki kaɗan ne. Ƙungiyoyin agaji na Italiya da Sifaniya da ke Nijar, irin su COOPI, da Faransanci suke gudanar da aikinsu na yau da kullum. Mutanen Magarya sun san wannan fage, tunda ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a sashen yara na asibitin garin tun 2005, kuma abin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi nema shi ne ma'aikacin jinya, da mai lissafin kuɗi, da mai kula da kaya. Harshen hedikwata ƙari ne a kan sana'a, yana taimakawa wajen rubuta rahoto da neman tallafi, amma shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Aikin koyarwa kuma, kowa ya san halin da malaman kwantiragi suke ciki, kuma lise da yake koyar da Italiyanci abu ne da sai an je Senegal ko Kamaru ake ganinsa sosai. Ga ɗan iyaka da ke cinikinsa da Kano da Jigawa, Ingilishi ya fi saurin biya, Larabci ma haka. Duk wanda ya ce wa iyaye wannan digiri hanyar arziki ce ta kowa da kowa bai faɗa musu gaskiya ba.

Haka kuma kada a ɗauke shi takardar biza. Mutanen wannan yanki da suke fita ci-rani galibi Najeriya da Libiya da Aljeriya suke nufa, kuma ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da yara daga Kance, maƙwabciyar Magarya. Gaskiya ne Nijar tana cikin ƙasashen da Italiya take ware wa guraben ma'aikata a dokarta ta shigo da ma'aikata, kuma asibitoci da kotunan Italiya da Sifaniya suna neman tafintocin harsunan Afirka. Amma digiri ba ya tilasta wa kowane ofishin jakadanci ya buga hatimi. Yaron da burinsa kawai ya tsallaka teku, shekara uku na nahawu ba za su kusantar da shi ba.

Wasu za su ce waya ma tana fassara yanzu, me ya sa za a ɓata shekaru? Tana yi, kuma tana isar mai tambayar hanya ko farashin ɗaki. Yarjejeniyar sayar da tan ɗari na aya, ko bayanin mara lafiya ga likita, ko rubutun hannu na ƙarni na 16, ba abubuwan da mai hankali zai damƙa wa waya ba ne, musamman da yake har yanzu fassarar na'ura zuwa Hausa tana yawan kuskure.

Wurin karatu shi ma matsala ne. Wanda yake son harsunan biyu a rufi ɗaya, sanannen wuri mafi kusa a Afirka ta Yamma shi ne Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, wadda take da sashen harsunan da suka fito daga Latin, da Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Fotugal. A Kamaru, Jami'ar Dschang ta yi suna wajen Italiyanci. A Italiya kanta akwai jami'o'in baƙi na Perugia da Siena. Duk waɗannan suna bukatar kuɗin mota da na haya da na abinci wanda manomin riɗi ba zai ɗauka shi kaɗai ba, sai in an samu tallafin hukumar ANAB ko na ƙasashen biyu. Ɗiya mace kuwa, wadda kai wa bak ɗin ma sai da aka yi gwagwarmaya, ba kowane gida ne zai bar ta ta tafi Dakar ba.

Idan aka auna duka, hukuncina shi ne wannan karatu na mutane kaɗan ne, amma waɗannan kaɗan ɗin muna bukatarsu ƙwarai. Ya dace da ɗalibin da Faransancinsa ya nuna, wanda bai yar da Ingilishi ba, wanda ya san tun farko abin da zai yi da harsunan: cinikin fata da aya da riɗi, ko fassara, ko tarihi. Ya fara da Sifaniyanci, ya ɗora Italiyanci daga baya, ya nemi DELE da CILS kafin ya kammala. Ya kuma koyi rubuta Hausa bisa ƙa'ida, domin masu jin Sifaniyanci da Italiyanci suna da yawa a Dakar da Yawunde, amma wanda zai juya takarda daga waɗannan harsuna zuwa Hausa mai kyau, ko daga Hausa zuwa gare su, sai an tona. Nan ne ɗan Magarya da Dungas ya fi kowa dama.

Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Damagaram, ita ce ta fi cancantar ɗaukar wannan nauyi, ga ta ƙasa da kilomita 100 daga Magarya. Ba sai an fara da babban sashe ba. Malami ɗaya na kowane harshe, ta hanyar yarjejeniya da ofisoshin jakadancin da ke Yamai, da darussan da ɗaliban tarihi da na kasuwanci da na aikin gona za su iya ɗauka, ya isa mafari. Ina kira ga shugabannin jami'ar su nemi wannan yarjejeniya, ga hukumomin gundumomin biyu su sa ta cikin buƙatun da suke kaiwa jiha, ga manyan ƴan kasuwar fata da riɗi kuma su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga cikin waɗanda za su ci bak a bana.